A Bar Ɗalibai Su Kira Gayyarsu

Ya ku ɗalibai, akwai wata kalmar Hausa da nake so ku riƙe kafin mu shiga zancenmu, ita ce gayya. Idan noma ya fi ƙarfin manomi, ko mutum yana so ya ɗora jinka a kan ɗakinsa, ko kuwa damina ta cinye hanyar da ake bi zuwa kasuwa, sai a sa rana a gayyato jama'a. Kowa ya zo da fartanyarsa ko gatarinsa. Makaɗa suna kiɗa, samari suna gasar ƙwazo, mata suna kawo fura da tuwo. Ba a biyan kowa ko kwabo. Aikin da mutum ɗaya zai yi makonni yana fama da shi, sai a gama shi kafin faɗuwar rana. Wannan shi ake kira aikin gayya, kuma shi ya sa Bahaushe yake cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ku ɗauka Hausawa ne kaɗai suka san wannan al'ada. Yarabawa suna da abin da suke kira owe, inda mutum yake tara jama'a su yi masa babban aiki, shi kuma ya ciyar da su. Suna kuma da aro, inda manoma suke zagaya gonakin juna bi da bi. A ƙasar Ibo ƙungiyoyin tsara, wato na mutanen da aka haifa a lokaci ɗaya, sun daɗe suna share hanyoyi da gina kasuwanni, kuma a garuruwa irin su Abiriba da Ohafia sun gina makarantu da ɗakunan taro da wuraren shan magani. Duk inda kuka fito a Nijeriya, kakanninku sun san aikin gayya, suna ne kawai ya bambanta.

Abin da nake so ku lura da shi a cikin wannan al'ada shi ne wanda yake kiran gayyar. Wanda ya ga matsalar da idonsa shi ne yake kira. Shi yake zaɓen rana, shi yake lissafa yawan mutanen da ake bukata, shi yake tanadin abinci, kuma shi zai ji kunya idan abin bai yi kyau ba. To, ra'ayina shi ne, ɗaliban makarantar sakandare sun isa su kira gayya da kansu. Ya kamata a bar su su zaɓi aikin da za su yi wa unguwar da makarantarsu take, su tsara shi, su nemi kayan aiki, su aiwatar da shi, sannan su tsaya a gaban jama'a su faɗi abin da ya yiwu da abin da bai yiwu ba. Na san akwai malamai da iyaye da ba su yarda da wannan ba, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Zan zo kansu.

Bari mu fara duba yadda ake yi yanzu a yawancin makarantu. Da safe a wurin taro shugaban makaranta zai yi sanarwa cewa gobe kowa ya zo da tsintsiya ko adda. Washegari a jera ku, a raba muku wuri, shugabannin ɗalibai su tsaya a kanku da bulala. Ba a tambaye ku ko wurin yana bukatar shara ba. Sau da yawa ma dalilin aikin shi ne wani babban baƙo zai zo. Na taɓa ganin an sa ɗalibai sun dasa itatuwa a bakin hanyar wata makaranta saboda zuwan wani jami'i, a tsakiyar rani. An ɗauki hoto, an tafa hannu, baƙo ya shiga motarsa ya tafi. Bayan mako uku babu ko tsiro ɗaya da ya rage, domin ba a ɗora wa kowa alhakin ban ruwa ba, kuma ba a yi musu shinge don kare su daga awaki ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A makarantunmu da yawa, sassabe da shara da wankin ban-ɗaki su ne horon da ake yi wa mai laifi. Ka makara, a ba ka adda. Ka yi surutu a aji, a ba ka tsintsiya. Yaron da ya yi shekara 6 a sakandare yana ganin haka, me kuke tsammani zai koya? Zai koyi cewa aikin hannu wulaƙanci ne, kuma mai hankali shi ne wanda ya san hanyar zille masa. Ga shi nan muna gani: mutum ya girma, kwata ta toshe a ƙofar gidansa, ya tsallake ta da takalminsa mai ƙyalli yana zagin gwamnati. Ban ce a daina horo ba. Na ce bai kamata tsintsiyar da aka yi horo da ita jiya ta zama ita ce kaɗai hanyar koyar da hidimar jama'a yau ba.

Idan kuwa ku kuka tsara aikin, abu na farko da za ku ci karo da shi shi ne tambaya mai wuya: me mutanen unguwar nan suke bukata? Za ku ga cewa kowa a aji yana da amsa a bakinsa, kuma yawancin amsoshin zato ne. A nan ne karatun yake farawa. Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai kun fita kun tambaya. Ku je wurin mai unguwa, ko baale, ko shugaban ƙungiyar masu gidaje, duk yadda ake kiransa a garinku. Ku tambayi matan kasuwa da 'yan acaɓa da ma'aikaciyar ɗakin shan magani da malamin firamare. Wataƙila kuna shirin yi wa bangon kasuwa fenti, alhali abin da yake damun masu sayar da kaya shi ne babu wurin zuba shara. Wataƙila kuna shirin raba wa yaran firamare littattafai, alhali yaran ba su iya haɗa baƙi ba tukuna, abin da suke bukata shi ne wanda zai zauna da su ya saurari karatunsu. Ɗalibin da ya koyi yin tambaya kafin ya kawo taimako ya koyi abin da manya da yawa masu riƙe da muƙamai ba su koya ba.

Ku ɗauki misalin sauro, domin kusan kowane aji da aka ba zaɓi zai ce yana so ya yaƙi zazzaɓin cizon sauro. Niyya ce mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu kamuwa da wannan zazzaɓi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar a duniya a nan suke. Sai ajin ya ce, to, mu yashe kwata. Amma da za ku buɗe littafinku na kimiyyar halittu, za ku tarar cewa sauro iri-iri ne. Wanda ya fi son ƙazamin ruwan kwata shi ne Culex, mai kuka a kunne da dare, mai hana barci. Wanda yake ɗauke da zazzaɓin maleriya shi ne Anopheles, shi kuwa ya fi son ƙananan wuraren da ruwan sama ya kwanta rana tana haska su, kamar sawun tayar mota a hanyar da ba ta da kwalta, da ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasa don gini. Akwai kuma Aedes, mai yaɗa zazzaɓin shawara, wanda yake ƙyanƙyashewa a cikin tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da randunan da aka bari a buɗe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, abin bai wuce mako 2 ba a ƙasa mai zafi irin tamu.

Kun ga abin da wannan ɗan bincike ya canza? Yashe kwata yana da amfani, yana rage wari da ambaliya da cizon dare. Amma idan maleriya kuke nufi, dole ku haɗa da cike ramuka da ƙasa da buɗe wa ruwa hanya, kuma dole ku riƙa zagayawa kowane mako a lokacin damina, domin aikin rana ɗaya ba zai riga sauro ba. Sai kuma ku yi magana da iyaye a kan kwana cikin gidan sauro, tunda Anopheles da dare ya fi cizo. Malami zai iya rubuta duk wannan a allo ku kwafa ku manta. Idan kuwa ku kuka gano shi saboda kuna tsoron kada aikinku ya tashi a banza, ba za ku manta ba har ku tsufa.

Haka abin yake ga dashen itace. Akwai wani itace da kuka sani, wanda ake kira dongoyaro a kudu. Sunan daga Hausa ya fito, wato dogon yaro, wasu Hausawa kuma suna ce masa darbejiya. Asalinsa daga Indiya ne, yana jure fari, yana saurin girma, yana ba da inuwa. Amma ko shi yana bukatar a dasa shi a farkon damina, a yi masa shinge, a ba shi ruwa a raninsa na farko. Wa zai ba shi ruwa a hutun Disamba, lokacin da makaranta take kulle? Idan ba ku da amsa, to, ba ku gama shiri ba. Ku da kuke zaune a wuraren da zaizayar ƙasa take cin gidaje da gonaki, kamar yankin Agulu da Nanka a Jihar Anambra, kuna iya tambayar malamin aikin gona game da ciyawar da Hausawa suke kira jema, wadda saiwarta take nutsewa can ƙasa ta riƙe ta. Babban kwazazzabo ya fi ƙarfinku, kada ma ku kusance shi. Ƙaramar hanyar da ruwa ya fara ci a bayan aji kuwa, kuna iya tare ta tun ba ta girma ba.

Sai batun lissafi. Matasa suna yawan raina abin da suke da shi, suna cewa ba mu da kuɗi. Gaskiya ne, ba ku da kuɗi. Amma kuna da lokaci da yawan hannu. A ce ajinku yana da ɗalibai 40, kowa ya ba da awa 2 a mako, na tsawon mako 10 a zangon karatu ɗaya. Awa 800 ke nan. Ma'aikacin da yake yin awa 8 a rana sai ya yi kwana 100 kafin ya cika wannan adadi. Da awa 800 ana iya zama da yaran firamare ɗaya bayan ɗaya a saurari karatunsu. Ana iya ƙirga gidajen da ke kan titi a rubuta musu lamba. Ana iya tsince ledojin ruwa daga magudanar da ke gaban kasuwa kafin ruwan farko ya sauka. Abin da ba a iya yi da awa 800 shi ne gina asibiti ko haƙa rijiyar burtsatse. Sanin iyakar ƙarfinka ba tsoro ba ne. Ƙaramin aikin da aka kammala ya fi babban harsashin da aka bari ciyawa ta rufe, kuma irin waɗannan harsasai sun riga sun yi yawa a ƙasarmu.

Idan aikin yana bukatar ɗan kuɗi, a nan ne za a gane ko kun isa a amince muku. Ku zaɓi ma'aji, ku zaɓi wani dabam ya riƙe littafin lissafi, kada mutum ɗaya ya haɗa biyun. Duk naira da ta shigo a rubuta ta, duk wadda ta fita a nemi rasiɗi, a kuma liƙa lissafin a bangon aji kowa ya gani. Kafin ku sayi wani abu, ku fara neman aro. Shebur da baro da manjagara suna nan a gidajen iyayenku. Ku yi hattara da kyautar wanda yake so a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a kan aikinku, musamman idan zaɓe ya kusa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za ku yi gardama a kan waɗannan abubuwa, wani zai yi fushi, wata za ta ce an raina ta, wani zai yi alkawarin kawo baro ya zo hannu rabbana. Kada wannan ya karya muku gwiwa. Haka ake yi a kowace majalisa, gara ku fara koyon sasantawa a kan kuɗin tsintsiya tun kafin a danƙa muku baitulmali.

Ba wasa nake yi ba da na ambaci baitulmali. Wanda yake aji 5 na sakandare yau, shekararsa 16 ko 17. Da ya cika 18 yana da ikon jefa ƙuri'a. Tun daga 2018, bayan gyaran da aka yi wa tsarin mulki, ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha ko majalisar wakilai ta tarayya. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma daga cikinku ne kansiloli da shugabanninsu na gobe za su fito. Ina za su koyi aikin? Ana koya muku darasin zama ɗan ƙasa nagari, kuna rubuta jarrabawa a kansa, kuna iya jera haƙƙoƙi da wajibai a takarda. Amma ba a koyon iyo a tudu. Hukumar yi wa ƙasa hidima, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, tana ware wa matasa rana guda a mako don aikin raya al'umma. Abu ne mai kyau, sai dai waɗanda suka gama jami'a ko babbar makaranta ne kaɗai suke shiga cikinta. Ɗalibai da yawa ba za su kai can ba, sakandare ce makarantarsu ta ƙarshe. Idan ba su koya a nan ba, ba su da wani wurin.

Yanzu bari in juya ga masu ja da wannan ra'ayi. Hujjar farko ita ce jarrabawa. Uba zai ce na tura ɗana makaranta ne ya ci WAEC da NECO da JAMB, ban tura shi yasar kwata ba. Ina girmama wannan magana, domin uban ya san wahalar da ya sha kafin ya biya kuɗin makaranta. Amsata ita ce a kiyaye lokaci. 'Yan ajin ƙarshe a ƙyale su da littattafansu. 'Yan aji 4 da aji 5 su ne suka dace da wannan aiki, kuma awa 2 a mako ba ta kai lokacin da da yawa daga cikinku suke ɓatawa a kan waya a yini ɗaya ba. Ban da haka, aikin ba ya rabuwa da karatun. Wasiƙar neman izini da za ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, irinta ce ake tambaya a jarrabawar harshe. Kasafin kuɗinku lissafi ne. Rahoton da za ku rubuta a ƙarshe insha'i ne, kuma wannan karon kuna da abin faɗa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Wasu suna cewa kwashe shara da gyaran hanya aikin gwamnati ne, ana karɓar haraji dominsu. Idan yara suka ɗauke wa hukuma nauyinta, sai ta miƙe ƙafa ta yi barci. Akwai gaskiya a nan, kuma ban yarda a mayar da ɗalibai leburorin kyauta ba. Amma ku dubi wanda ya fi iya tuhumar hukuma. Shin wanda bai taɓa leƙa kwata ba, ko kuwa wanda zai iya cewa mun yashe magudanar nan ranar kaza, mun tara shara buhu kaza, mun rubuta muku wasiƙa sau biyu a turo mota, ba a turo ba? Na biyun yana magana da hujja a hannu. Saboda haka a ganina rubuta wa hukuma da bin sawun wasiƙar wani ɓangare ne na aikin, ba ƙari ba ne. Mun ga abin da tilas take haifarwa. Tun zamanin mulkin soja a shekarun 1980 aka saba da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, ana hana zirga-zirga da safe. Mutane da yawa sun mayar da ita lokacin ƙarin barci. Doka tana iya tsare mutum a gida, amma ba ta iya sa shi ya damu da titinsu.

Hujja ta uku ita ce haɗari, kuma a nan ba na jayayya da kowa. Akwai ayyukan da bai kamata ɗalibi ya taɓa su ba ko da ya so. Kada ku shiga babbar magudana mai zurfi, musamman idan hadari ya haɗu. Kada ku taɓa sharar asibiti ko wayar lantarki. Kada ku tsaya tsakiyar babban titi da sunan cike rami ko ba motoci hannu. Wanda zai taɓa shara ya sa safar hannu da takalmin da ya rufe ƙafa, domin tsohon ƙarfe ko fasasshiyar kwalba suna iya jawo rauni, rauni mai datti kuma yana iya kawo cutar sarƙe-haƙora. Kada 'yan mata ko samari su shiga gidan da ba su sani ba su kaɗai. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana a sa yaro aikin da zai cutar da lafiyarsa, kuma kyakkyawar niyya ba ta soke wannan doka. Dole iyaye su san inda kuke, dole a sami babba a wurin.

To, idan haka ne, mene ne aikin malami? Aikinsa shi ne ya zauna a bayan aji ya kame bakinsa, abin da yake da wuya ga kowane malami. Yana da ikon ya ce a'a idan akwai haɗari ko saɓa doka. Yana da ikon ya yi tambaya: wa kuka tambaya, wa zai riƙe kuɗi, me za ku yi idan aka yi ruwa ran nan? Amma ba shi da ikon ya zaɓa muku aiki, ko ya rubuta muku wasiƙa, ko ya karɓe shirin don yana ganin zai fi ku iyawa. Tabbas zai fi ku iyawa. Ba wannan ake nema ba. Idan ya ga kun yi kuskuren da ba zai cutar da kowa ba, kamar kun sa taro ranar kasuwa babu wanda ya zo, ya bar ku ku ji zafin abin. Makaranta ce wuri mafi sauƙi da mutum zai faɗi ya tashi. Kuma ina roƙon 'yan uwana malamai kada su ba da maki a kan kyan hoto. A ba da maki a kan rahoto mai gaskiya, ko da rahoton ya ce mun dasa itace 30, guda 11 ne suka rayu, ga kuma dalili.

Ku da kuke koyon Hausa kuna da wata dama da sauran ɗalibai ba su da ita. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta nemi ɗan Nijeriya ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan ƙasar uku ban da nasa, domin a ƙara fahimtar juna. A kusan kowane babban gari na kudu akwai unguwar Hausawa. Akwai Sabo a Ibadan da Shagamu, akwai Agege da Idi-Araba a Legas, akwai Ama Hausa a Owerri, akwai Bogobiri a Kalaba. Wasu iyalai a waɗannan unguwanni sun yi shekaru fiye da 100 a wurin. Kuna wucewa ta gabansu kullum, kuna sayen albasa da tsire a hannunsu, amma da wuya ku taɓa zama ku yi hira da su. Me zai hana aikinku ya kai ku can? Ku je tare da malaminku ku yi sallama a ƙofar Sarkin Hausawa. Ku ce, “Ranka ya daɗe, mu 'yan makaranta ne, mun zo mu gaishe ka, mu kuma ji ko akwai abin da za mu iya taimakawa da shi a unguwa.” Hausarku za ta yi tuntuɓe, za a yi murmushi, za a gyara muku. Ba za a kore ku ba.

Amma ku je da niyyar yin aiki tare, kada ku je da fuskar masu ba da sadaka. A unguwar akwai matasa tsaranku, wasu ma a makarantarku suke. Ku sa su cikin kwamiti tun daga ranar farko. Wataƙila abin da ake bukata shi ne a fassara sanarwar ɗakin shan magani zuwa Hausa, domin uwa ta san ranar da ake yi wa jarirai allurar rigakafi. Wataƙila a rubuta alamun kasuwa da harsuna biyu. Idan kun yi fassara, ku kai wa wanda ya iya harshen sosai ya duba kafin a liƙa, musamman abin da ya shafi magani, domin a Hausa ƙaramin lanƙwasa a kan baƙi yana canza ma'ana: kafa dabam, ƙafa dabam, haka bata da ɓata.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne miƙa aiki. Ku za ku gama makaranta ku watse, unguwa kuwa tana nan. Tun kafin ku fara, ku san wanda zai gaje ku. Ku ɗauki 'yan ajin da ke bayanku biyu ko uku su riƙa zama a taronku. Ku sami babban littafi guda ku rubuta komai a ciki: sunan aikin, waɗanda kuka tambaya da abin da suka ce, kwafin wasiƙun da kuka aika da ranar da aka amsa ko aka ƙi amsawa, abin da kuka kashe, da abin da za ku canza da za ku sake. A ƙarshen zango ku gayyaci mai unguwa da iyaye da shugaban makaranta, ɗayanku ya tashi ya karanta rahoton. Sannan ku miƙa littafin ga ajin da ke biye da ku a gaban kowa, tare da shebur ɗin da kuka saya da makullin ɗakin da kuke ajiye shi.